Taswirar kwamfuta da neman makwancin zomo

A ƙasashe da dama na duniya, masana namun daji kan yi amfani da kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam wajen hasashen inda dabba za ta iya rayuwa, tun kafin su taka ƙafa su je wurin.

Zomo na daga cikin dabbobin da aka gwada wannan dabara a kansu, musamman a Amurka da Afirka ta Kudu, inda wasu jinsunansa suka kama hanyar ƙarewa.

Dabarar na da muhimmanci ga yankuna irin na gabashin jihar Sakkwato, kamar ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, inda gonaki da madatsun ruwa da saran itace suka sauya kamannin daji a cikin shekaru hamsin da suka gabata.

Wane zomo ake nufi?

Kalmar zomo a Hausa ta haɗa dabbobi biyu waɗanda masana suka bambanta.

Akwai zomon gida da ake kiwo a keji, wanda asalinsa daga Sifen da Fotugal yake. Shi wannan yakan haƙa rami, kuma 'ya'yansa kan zo duniya babu gashi, idanunsu a rufe.

Akwai kuma zomon daji, mai dogayen kunnuwa da dogayen ƙafafun baya, wanda mafarauta suka sani a ƙasar Hausa. Shi ba ya haƙa rami. Yakan yi ɗan makwanci ne a gindin ciyawa ko a ƙarƙashin sabara ko geza, ya lafe a nan da rana, da dare kuma ya fito kiwo. 'Ya'yansa kan zo da gashinsu, idanunsu a buɗe.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar kare shi. Dabbar da ba ta da rami ba ta da mafaka sai ciyawa da ƙananan itatuwa. Idan aka share su, ko aka cinna musu wuta, to an rushe mata gida ke nan.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sanya zomon daji na Afirka a jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa ba. Sai dai wannan hukunci ne a kan nahiyar baki ɗaya. Dabba na iya yawaita a wata ƙasa, amma ta ɓace daga dajin wani gari ba tare da an ankara ba.

Yawa ma ba shi ne tabbas ba. Zomon Turai, wanda ake buga misali da shi wajen yawan haihuwa, a shekarar 2019 IUCN ta sanya shi cikin masu fuskantar barazana a ƙasarsa ta asali, bayan cututtuka da asarar daji sun yi masa illa.

Amfanin zomo bai tsaya ga naman da mutanen karkara ke samu ba. Shi ne abincin dila da muzurun daji da mikiya da manyan mujiyoyi. Inda ya yi ƙaranci, waɗannan ma sukan ragu, ko kuma su juya kan kajin gida.

Ƙasar da ta sauya

Koguna biyu ne suka ratsa gabashin Sakkwato. Gulbin Rima ya biyo ta Goronyo da Wurno, gulbin Sakkwato kuma ya biyo ta Rabah, kafin su haɗu a kusa da birnin Sakkwato.

A gefen kogunan akwai fadamu inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama. A kan tudu kuma ana noman gero da dawa da wake, a cikin damina mai tsawon kimanin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba.

A gabas akwai dajin Gundumi, wanda matafiya na ƙarni na 19 suka sani a matsayin ƙungurmin daji mai wuyar ratsawa.

A shekarar 1984 aka kammala gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan Rima, wadda aka tsara ta riƙe ruwa mita miliyan 942 na awon cikin tafki. Ita da madatsar Bakolori da ke kan gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, sun sauya lokaci da yawan ruwan da ke malala a fadamu, sun kuma buɗe hanyar noman rani a filayen da a da makiyaya ce.

Irin wannan sauyi ya game ƙasa. Wani kundin taswirori da hukumar binciken ƙasa ta Amurka da ƙungiyar yaƙi da fari a yankin Sahel, CILSS, suka fitar a 2016, ya nuna cewa filin noma a Najeriya ya tashi daga kimanin kashi 20 cikin ɗari na faɗin ƙasar a 1975, zuwa kimanin kashi 40 a 2013.

Mafi yawan wannan ƙari ya fito ne daga daji da saura da burtali, wato ainihin wuraren da zomo ke kwana.

Mene ne taswirar kwamfuta?

Tsarin da masana ke kira GIS a taƙaice hanya ce ta adana bayanai a kwamfuta, ta yadda kowane bayani ke ɗaure da wani wuri takamaimai a doron ƙasa.

An fara shi ne a Kanada a shekarun 1960, a ƙarƙashin jagorancin wani masanin labarin ƙasa mai suna Roger Tomlinson, domin ƙididdige filayen noma da dazuzzukan ƙasar.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a ɗauka an zana taswirori da yawa na wuri guda a kan farar leda, kowace da abin da take nunawa. Ɗaya ta nuna koguna da tafkuna, ɗaya irin ƙasa, ɗaya tsirrai, ɗaya ƙauyuka da hanyoyi. Idan aka jera su bisa juna, za a ga yadda waɗannan abubuwa suka haɗu a kowane wuri.

Kwamfuta kan yanka ƙasar ƙanana-ƙananan murabba'i kamar gidajen dara. A hotunan tauraron Landsat na Amurka, kowane gida na da faɗin mita 30. A na Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, faɗin ya kai ƙanƙantar mita 10, wato kadada guda ta kasu gida ɗari.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan taurari da ke iya ganin zomo. Abin da suke gani shi ne gidansa: kore ko bushewar ciyawa, kaurin itatuwa, fako, ruwa, da tabon gobarar daji.

Yadda ake hasashen

Idan aka ɗauki yanki irin mazaɓar Tursa da ke ƙaramar hukumar Rabah a matsayin misali, aikin zai bi matakai huɗu.

Na farko shi ne tattara wuraren da aka tabbatar akwai zomo. Ana yin haka ta hanyar bin daji da ƙafa ana duba kashinsa da sawunsa da makwancinsa, ko zagayawa da dare da fitila mai ƙarfi, domin idonsa kan yi ƙyalli idan haske ya doke shi. Ana kuma ɗaure kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gitta. Duk inda aka ga alama, sai a rubuta lambar wurin da na'urar GPS, wadda a yau ke cikin yawancin wayoyin hannu.

A wannan mataki babu wanda ya fi maharba da makiyaya amfani. Su ne suka san gangaren da zomo ke bi, da saurar da yake yini, da wurin da aka daina ganinsa.

Mataki na biyu shi ne haɗa taswirorin yanayin wurin. A yanki irin wannan za a buƙaci ta irin ƙasa, domin jigawa da laka da marmara ba ciyawa ɗaya suke fitarwa ba. Za a buƙaci ta tsirrai, da ta tudu da gangare, da ta nisan kowane wuri daga gari da hanya da mashaya, da ta wuraren da ruwa ke kwanciya da damina, da kuma ta wuraren da wuta ta saba ci da kaka.

Mataki na uku na kwamfuta ne. Za ta duba kowane wurin da aka ga zomo, ta gano abin da ya haɗa su, sannan ta bi sauran gidajen taswirar ɗaya bayan ɗaya tana auna yadda kowanne ya yi kama da su.

Ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi amfani da su a wannan aiki ita ce MaxEnt, wadda Steven Phillips da Robert Anderson da Robert Schapire suka bayyana a shekarar 2006. Ta samu karɓuwa ne saboda tana iya aiki da jerin wuraren da aka ga dabba kawai, ba sai an kawo mata wuraren da aka tabbatar babu ita ba.

Abin da ke fitowa shi ne taswira mai launi-launi. Kowane gida na samun maki tsakanin sifili da ɗaya. Wanda makinsa ya kusa ɗaya, shi ne ya fi dacewa da rayuwar dabbar.

Mataki na huɗu shi ne jarrabawa. Masu bincike kan ɓoye wa kwamfuta wani kaso na wuraren da suka tattara, alal misali 25 daga cikin 100, sannan su duba ko taswirar ta hasaso su. Bayan haka sai a koma daji, a ziyarci wuraren da ta ce akwai da waɗanda ta ce babu.

Taswirar da ba ta bi wannan mataki na ƙarshe ba, zato ce kawai mai launi.

Inda aka gwada

A yammacin Amurka akwai wani ɗan ƙaramin zomo wanda nauyinsa bai cika wuce rabin kilo ba. Yana haƙa raminsa da kansa, kuma da hunturu kusan dukkan abincinsa ganyen wani ɗan itace ne guda, dangin tazargade. Saboda haka ba ya rayuwa sai inda ƙasa ke da zurfi da taushi, itacen kuma ya yi kauri.

A shekarar 2000, wasu masana a jihar Idaho, Kate Gabler da John Laundré da abokiyar aikinsu, suka wallafa sakamakon wani bincike inda suka jera taswirorin tsirrai da ƙasa da gangare domin hasashen mazauninsa.

Da suka koma fili, sai suka tarar taswirar ta fi ƙwarewa wajen nuna inda babu zomon a kan nuna inda yake. Wannan ma riba ce, domin ta rage wa ma'aikata faɗin dajin da za su bincika.

A Afirka kuwa, misali mafi shahara shi ne zomon bakin kogi na yankin Karoo a Afirka ta Kudu, wanda ke cikin dabbobin da suka fi kusa da ƙarewa a nahiyar.

Labarinsa ya yi kama da na kowace fadama. Yana buƙatar ƙasa mai taushi da duhuwar ƙananan itatuwa a gefen kogunan da ke ƙafewa da rani, kuma ita ce ƙasar da manoma suka fi so. An nome kusan kashi biyu cikin uku na mazauninsa na asali. Ga shi kuma macen ba ta cika haifar fiye da ɗa guda a shekara ba.

A 2016, Kai Collins da Johan du Toit suka wallafa wani bincike da ya yi amfani da taswirar kwamfuta wajen hasashen inda ya rage masa, suka kuma ƙiyasta cewa manyan zomayen da ke wuraren da aka sani ba su fi 157 zuwa 207 ba.

Sai dai wannan zomo ya koya wa masana darasi har sau biyu. A 2003 an gano shi a kusa da Touwsrivier, can kudu da inda aka daɗe ana nemansa. A 2018 kuma kyamarori suka ɗauki hotonsa a yankin Baviaanskloof, inda ba a taɓa sanin yana nan ba.

Kowane sabon wuri da aka gano ya sa dole a sake zana taswirar.

Kusa da gida

A maƙwabciyar Sakkwato, wato Jamhuriyar Nijar, an ga amfanin irin wannan aiki a kan wata dabbar daban.

Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Bayan shekaru na kariya da haɗin kan mazauna ƙauyuka, sun haura 600.

A 2018 aka kwashi takwas daga cikinsu zuwa gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara hamsin ba a ga irinsu ba. An ɗaura wa wasu raƙuman dawan ƙasar na'urar GPS domin a ga inda suke kiwo da hanyoyin da suke bi, a kuma gwama da taswirar itatuwa da gonaki.

A Maraɗi da Damagaram kuma, hotunan sama ne suka tabbatar wa duniya wani abin da manoma suka yi a cikin gonakinsu. Tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin kututturen gawo da kalgo da sabara su sake tofowa maimakon tumɓuke su. Da masana suka gwada tsofaffin hotuna da sababbi, sai suka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kimanin kadada miliyan biyar.

Wannan na nuna cewa gona ba lallai ta zama abokiyar gabar ƙananan namun daji ba, matuƙar an bar mata duhuwa a gefe.

Kayan aiki

Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, ta kuma harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a watan Satumban 2003. A 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X.

Akwai cibiyar nazarin hotunan tauraro ta ƙasa a Jos, da cibiyar horar da masana taswira a Ile-Ife. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take bin diddigin ruwan sama da tsirrai a ƙasashen Sahel.

Tsadar aikin ta ragu ƙwarai. Tun 2008 Amurka ta buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta, wanda ya faro daga 1972. Hotunan Sentinel-2 ma kyauta ne, haka nan manhajojin QGIS da MaxEnt.

Ma'ana, ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, idan yana da kwamfuta da intanet, zai iya ganin yadda dajin da ke tsakanin Rabah da Goronyo ya sauya shekara bayan shekara.

Abin da ba zai samu a intanet ba shi ne jerin wuraren da zomon yake. Wannan sai an shiga daji.

Iyakar taswira

Matsala ta farko ita ce son kai na bayanai. Masu bincike sun fi ganin dabba a kusa da hanya, domin nan suka fi bi. Idan ba a yi hattara ba, kwamfuta za ta yanke hukuncin cewa zomo na son bakin titi.

Ta biyu, wuri na iya dacewa amma babu kowa a cikinsa. Tauraro ba ya ganin tarko, ba ya ganin karnukan farauta, ba ya kuma ganin masu bin dare da cocila.

Ta uku ita ce sauyin yanayi tsakanin damina da rani. Filin da ya yi kore shar a watan Agusta na iya zama ƙura a watan Maris. Ko shekaru ma sukan bambanta: a Satumban 2010 ambaliya ta mamaye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, a 2018 kuma hukumomi suka ce ruwan tafkin Goronyo ya ragu zuwa kusan kashi goma cikin ɗari. Taswirar da aka zana da hoton lokaci guda ba za ta wakilci duka biyun ba.

Ta huɗu, wadda ta fi tsanani a gabashin Sakkwato, ita ce rashin tsaro. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 30 a Tabanni da ke ƙaramar hukumar Rabah, a Oktoban 2021 kuma fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Dajin da ya zama maɓoyar 'yan bindiga ba ya shiguwa ga mai bincike, balle a yi zancen zagayen dare.

A irin wannan hali hoton tauraro kan zama hanya ɗaya tilo ta ganin halin da dajin ke ciki, amma tabbatar da hasashen sai ya jira zaman lafiya.

Akwai kuma haɗarin taswirar ta faɗa hannun da bai dace ba. Saboda haka ne rumbunan bayanai na duniya kan ɓoye ainihin wuraren da dabbobi masu ƙaranci suke, don kada a yi wa mafarauta jagora.

Bayan an zana

Taswira ba ta kare dabba da kanta. Amfaninta shi ne ta nuna wa masu yanke shawara inda ya kamata a fara.

A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, filaye na hannun gwamnonin jihohi ne, ƙananan hukumomi kuma na da ta cewa a kan filayen karkara. A aikace, hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka fi kusa da rabon gona da kare burtali.

Idan taswira ta nuna cewa wata saura ko wani burtali ne ya haɗa guntayen daji biyu, za a iya barinsa a lokacin rabon fili. Idan ta nuna inda duhuwa ta fi muhimmanci, za a iya yi masa shingen wuta kafin kaka, a kuma nemi Sarkin Dawa da mutanensa su ɗaga wa wurin ƙafa na wani lokaci.

Haka nan za ta iya taimaka wa shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda kuma Sakkwato ke cikin jihohi 11 na Najeriya da ya shafa. Dashen da aka yi inda zai haɗa dazuzzukan da suka rage ya fi amfani ga namun daji a kan wanda aka yi a tsakiyar fako.

Hausawa na cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Abin da aka gani a Idaho da Karoo ya nuna cewa kare shi ma haka ne: kwamfuta na iya nuna hanya, amma sai an haɗa da sanin maharbi, da yardar manomi, da kuma ƙafar da za ta je ta gani.